Miller, Sunan Da Ya Fito Daga Ɗakin Niƙa

A makon da muke cika takardun jarrabawar fita, wani yaro daga ajina ya tsaya bayan an tashi, har sauran yara duka suka watse. Na gan shi yana murza gefen rigarsa, sai na ce, "Lafiya dai?"

Ya ce, "Malam, roƙo nake yi a gyara mini suna kafin a aika da takardun."

Na buɗe rajista na duba, ban ga kuskure ba. Sai ya ce ba kuskuren rubutu ba ne, sunan na biyu ne ba ya so, watau Wanzam. Tun yana aji ɗaya yara suke ce masa ya zo ya yi musu aski, waɗansu kuma su tambaye shi inda ya ajiye zabirarsa. Yana so a sa masa sunan garinsu a madadin wannan.

Na ce masa ya ba ni kwana uku. Ba don aikin yana da wuya ba, gama layi ɗaya ne za a soke a rubuta wani. Dalili shi ne, abin da yaron nan yake roƙo, ni na riga na yi shi shekara talatin da suka wuce, kuma har yau bai daina damuna ba.

Mahaifina shi ne mutum na fari da ya kawo injin niƙa ƙauyenmu. Kafin a yi shekara ɗaya sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Inji. Da aka kai ni makaranta, haka aka rubuta ni a rajista, sunana da Mai Inji a bayansa. Baba yakan dawo gida fari fat, har girarsa, kunnensa kuma ya yi nauyi saboda ƙarar inji. Yara sukan buga mini baya su ce suna kakkaɓe gari. Akwai kuma maganar da ta fi wannan ciwo. Mata sukan ce duk mai inji ɓarawon gari ne, wai ba a taɓa kai tiya biyar a dawo da tiya biyar. Ni kuwa na sha ganin Baba yana bubbuga bakin inji da hannunsa domin ragowar garin kowace mace ya zubo cikin kwanonta kafin a zuba na wata. Amma wa zai tsaya ya ji wannan daga bakin ɗan mai inji?

Saboda haka sa'ad da lokacin jarrabawarmu ya zo, sai na sa aka rubuta sunan kakana, ban gaya wa kowa ba. Ran da na kawo takardar shaida gida, Baba ya wanke hannu ya karɓa. Ya iya karatun Hausa, gama da shi yake karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya. Ya bi layin sunan da yatsa har sau biyu, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, har ranar da ya bar duniya.

Cikin kwana ukun nan da na ɗiba, na tuna da wani abin da na sani tun ina koyon aikin malanta, amma ban taɓa haɗa shi da kaina ba. Duk wanda ya tashi cikin ikkilisiya a ƙasar nan ya ji sunan Likita Mila. Cikakken sunansa Walter Miller, an haife shi a Ingila a 1872. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya iso Kano a 1900 tare da ƙungiyar Bishof Tugwell, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, daga baya kuma aikinsu ya koma Wusasa. Shi ne ya ɗauki babban kashi na aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Ya rasu a 1952. To, ya ku masu karatu, ko kun san ma'anar sunan nan Miller? Ma'anarsa mai niƙa. Da a ƙauyenmu aka haife shi, da Mai Inji za a rubuta masa a rajista.

Bari in ba ku labarin sunan kamar yadda na ba yaron nan.

Mutanen Ingila na dā suna ɗaya ɗaya suke da shi, kamar yadda kakanninmu suke. Bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, manyan masu ƙasa ne suka fara riƙe suna na biyu. Talakawa suka bi a hankali, gama sunayen yanka kaɗan ne, maza da yawa ba su wuce John da William da Thomas da Richard da Robert ba. In ƙauye yana da John shida, dole mai karɓar haraji ya san wanne ya biya. Sai aka riƙa bambanta su ta hanya huɗu, wani da sunan ubansa, wani da wurin zamansa, wani da siffarsa, wani kuma da sana'arsa. Mu ma haka muke yi: Audu na Musa, Audu Kano, Audu Dogo, Audu Maƙeri. Da fari laƙabi ne kurum, yakan mutu tare da mai shi. Amma saboda maganar gādon gona da rubutun haraji, sai ɗa ya soma ɗaukar laƙabin ubansa ko da bai gāji sana'ar ba. Wajen shekara ta 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gāda.

Mai niƙa kuwa ba a rasa shi a kowace gunduma, domin abincin mutanen nan burodi ne. Injinsu ba na mai ba ne, na ruwa ne. Sukan gina ɗaki a bakin rafi, su kafa wata babbar ƙafa ta katako mai kama da ƙafar amalanke, ruwa yana bugunta tana juyawa. Ita kuma tana juya wani ƙaton dutse zagayayye kamar faifai a bisa wani dutsen da ba ya motsi. Ana zuba alkama ta wani rami a tsakiya, gari yana fitowa ta gefe. Romawa sun san wannan dabara, daga kalmarsu ta Latin, watau molina, Turancin Ingila ya sami kalmar mill. A 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya dukiyar Ingila, aka rubuta cikin littafin da ake kira Domesday. An sami ɗakunan niƙa fiye da 5,600 a ciki. Bayan shekara ɗari, wajen 1185, aka soma kafa waɗanda iska take juyawa, masu manyan fukafukai, domin wuraren da ba su da rafi mai ƙarfi.

Ga inda ƙiyayya ta shigo. Ɗakin niƙa ba na mai niƙa ba ne, na uban ƙasa ne, shi mai niƙa haya yake biya. Doka kuma ta tilasta wa manoman da suke zaune a ƙasar ubangidan su kai hatsinsu can, ba su da izinin zuwa wani wuri. Ladan niƙa ba da kuɗi ake biya ba, mai niƙa ne yake ɗiba daga cikin hatsin, a wurare da yawa mudu ɗaya cikin 16. Shi ne mai mudu, shi ne mai awo, manomi kuwa ba shi da hanyar sanin abin da ya saura a tsakanin duwatsu. Ina zargi zai rasa wurin zama? Mawallafin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da ya zo siffanta mai niƙa cikin labaransa na matafiya zuwa Kantabari, sai ya mai da shi ƙaton mutum mai faɗa, gwanin satar hatsi. Da na karanta wannan sai na tuna da matan ƙauyenmu.

A garin Sant Albans, arewa da Landan, abin ya kai ga tashin hankali. Ƙasar garin tana hannun wani babban gidan masu zaman zuhudu. Mutanen gari suka ƙi kai hatsi ɗakin niƙan gidan, suka riƙa niƙa a gida da ƙananan duwatsu na hannu. A 1331 shugaban gidan ya ci nasara a kansu, ya sa aka tattara duwatsun duka, aka daɓe wani ɗaki da su domin a riƙa taka su. Mutanen ba su manta ba. Bayan shekara hamsin, a tawayen talakawa na 1381, suka kutsa cikin gidan, suka tone daɓen, suka farfasa duwatsun, kowa ya tafi gida da ɗan gutsure. Wanda ya san dokar da take cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, wadda ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina domin ran mutum ne ake karɓa, zai gane zafin da suka ji.

A ƙasashen Jamus raini ya fi haka ma. A garuruwa da yawa an lissafta mai niƙa cikin masu sana'ar da ba ta da mutunci, har ƙungiyoyin masu sana'a sukan ƙi karɓar ɗansa ya koyi aiki a wurinsu. Sai da majalisar daular ta kafa doka a 1548, ta sake nanata ta a 1577, cewa a daina ƙin 'ya'yan masu niƙa da na masaƙan lilin da na makiyayan tumaki. Da na zo nan sai na dubi yaron na ce, "Ka san su wa kuma suke cikin jerin? Wanzamai." Ya ɗaga kai ya dube ni, karo na fari tun da muka zauna.

Amma duk da rainin, dubi inda sunan ya kai. A Jamus yau ba sunan gida da ya kai Müller yawa, shi ne na ɗaya, haka kuma a Suwizalan. A arewacin Jamus sukan ce Möller, a Denmak Møller, a Holan Mulder ko Molenaar. Faransawa suna da Meunier, Italiyawa Molinari, mutanen Hangari Molnár, a Yukiren kuma Melnyk yana cikin sunayen da suka fi kowanne yawa. Waɗannan mutane ba dangin juna ba ne. Ba wani kaka ɗaya da ya haife su. A kowane rafi an sami mai niƙa, a kowane harshe kuma an kira shi da aikinsa, shi ya sa sunan ya tsiro a wuri dubu a lokaci ɗaya kamar ciyawar damina. Ko a cikin Birtaniya ma bai fito da fuska ɗaya ba. A arewacin Ingila, wajen Yokshaya, Milner aka fi ji, a Sikotilan akwai Millar, a tsakiyar ƙasar kuma akwai Millward, watau mai tsaron ɗakin niƙa.

Abin mamaki shi ne, Miller ya fi ƙarfi a Amurka bisa ga Ingila inda kalmar ta fito. A Ingila ba ya cikin goma na fari. A Amurka kuwa, ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da 1,160,000 masu wannan suna, shi ne na bakwai a ƙasar duka. Dalili shi ne rafuka da yawa ne suka zuba cikin kogi ɗaya. Akwai waɗanda suka ƙetare teku daga Ingila da Sikotilan da Ailan da sunansu Miller. Sa'an nan ga Jamusawa, waɗanda suka fara kafa gari kusa da Filadelfiya a 1683, suka yi ta zuwa har a 1790 wajen sulusin mutanen jihar Fensilbaniya asalin Jamus ne. Akawun da yake rubutu da Turanci ba shi da harafin nan mai ɗigo biyu a kai, kunnensa kuma Miller yake ji, sai Müller ya zama Miller a takarda. Waɗansu da kansu suka sāke, musamman bayan Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, sa'ad da sunan Jamusanci ya zama abin jawo wa mutum tsangwama. Har yanzu a cikin jama'ar Amish, manoman nan da suke tafiya da keken doki, Miller ya yi yawa ƙwarai.

Rafi na uku na Yahudawan gabashin Turai ne. Su dā da sunan uba ake kiransu, wane ɗan wane. A 1787 Sarki Yusufu na Biyu na Ostiriya ya ba da doka kowane gidan Yahudawa ya ɗauki suna tsayayye, waɗansu ƙasashe kuma suka bi sawu. Masu niƙa a cikinsu suka ɗauki sunan sana'arsu, 'ya'yansu suka tafi da shi Amurka. Marubucin wasan kwaikwayon nan Arthur Miller daga gidan Yahudawan gabashin Turai ya fito.

Rafi na huɗu shi ne mai ban tausayi, gama ya shafe mu. 'Yan Afirka da aka kai bauta Amurka da tsibiran Karibiyan an raba su da sunayen gidajensu. Da aka hana bauta, a ƙasashen Ingila a 1834, a Amurka kuma a 1865, da yawa suka fita da sunan ubangijin da ya mallake su. Don haka akwai baƙaƙen fata masu yawa a Amurka da Jamaika da suke amsa Miller, alhali kakanninsu ba su taɓa riƙe ɗakin niƙa ba. Su ba a tambaye su ba aka ɗauke musu suna. Ni kuwa ba wanda ya tilasta ni, da hannuna na yar da nawa.

Ɗakunan niƙa na bakin rafi sun mutu tun da aka ƙago manyan injuna masu naɗin ƙarfe a ƙarni na 19. Sana'ar ta tafi, sunan ya zauna, masu shi kuma suka cika shi da ayyukansu. Wa yake jin George Müller ya tuna da satar gari? Abin da ake tunawa shi ne mutumin Jamus da ya zauna a Biristol ta Ingila, ya riƙe marayu fiye da 10,000 kafin rasuwarsa a 1898. Yaran ajina kuwa in an ce Müller, 'yan ƙwallon Jamus suke tunawa. Ko Roger Milla na Kamaru, wanda ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya ta 1990 yana da shekara 38, Miller ne sunansa a takarda.

Yaron ya yi mini tambaya mai kyau. Ya ce, "Malam, to don me mu ba mu da gidan da ake kira Mai Niƙa tun dā?" Amsar tana cikin tsakar gidajenmu. A wurinmu niƙa bai zama sana'ar namiji a kasuwa ba. Aikin mata ne, kowace da dutsenta da ɗansa, tun asuba tana durƙushe tana waƙa. Wadda ba ta da hali takan yi niƙau a biya ta. Iyayenmu mata sun ciyar da ƙasar nan da gwiwoyinsu shekaru aru-aru, amma da yake ba a kiran gida da sunan aikin mace, ba su bar suna a rajista ba. Sana'o'in da maza suke gāda su ne suka bar suna: Maƙeri, Wanzam, Baduku, Marini, Madugu. Sun bar shi har a unguwanni, gama garuruwa da yawa suna da Maƙera da Dukawa da Marina. Yawancinmu dai da sunan uba ko na gari aka rubuta mu sa'ad da makarantar boko ta nemi suna na biyu, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Abin da ya faru a Ingila shekara ɗari shida da suka wuce, shi ne yake faruwa a wurinmu cikin shekaru ɗarin nan. Laƙabi yana daskarewa ya zama sunan gida, rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa kuma su ne suke daskarar da shi. Mu ne muke zaɓar wa jikokin jikokinmu abin da za su amsa.

Ban ce kada kowa ya sāke suna ba. Akwai sunan da zagi ne tun asalinsa, wanda ya raba 'ya'yansa da irin wannan bai yi laifi ba. Amma sunan sana'a ba zagi ba ne, shaida ce cewa wani ya yi aiki da hannunsa har gari ya san shi da aikin. Iyaye kuma su sani, abin da aka rubuta a takardar jarrabawa shi zai bi yaro. Gyara shi daga baya sai da rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, da yawo daga ofis zuwa ofis. Ya kamata a zauna da yaro a gida a yi maganar tun kafin malami ya ɗauki alƙalami.

A rana ta uku na gaya wa yaron labarin Baba da takardata, abin da ban taɓa gaya wa ko 'ya'yana ba. Na ce masa, "Sunanka ne, in ka nace zan sāke. Amma ba zan yi a ɓoye ba, sai mahaifinka ya sani."

Kashegari da safe sai ga su tare. Dattijon ya jingine kekensa a gindin dalbejiya, zabirarsa tana rataye a kafaɗa, gama daga nan gidan suna zai wuce. Na ce, "Sannu da zuwa, Baba," na ba shi kujera. Muka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, yaro ya gaya mini. Ni ban yi boko ba. Da askar nan na biya kuɗin makarantarsa tun daga aji ɗaya, ubana ma da ita ya rene ni. Amma in sunan zai tare masa hanya, a cire. Ba na so in zama masa kaya."

Na juya wajen yaron, na ga ya sunkuyar da kai. Muka yi shiru mu uku. Can sai ya ce, "Malam, a bar shi yadda yake."

Ban sani ko labarin Miller ne ya taɓa shi ba, ko kuwa maganar ubansa. Ina tsammani maganar ubansa ce. Takardun sun tafi da sunan a cike. Yara ba su daina tsokanarsa ba, amma ran nan na ji ya ce wa ɗaya daga cikinsu in yana son aski ya kawo kuɗi.

Ni tawa takardar ba ta gyaruwa yanzu, wanda zan nuna wa ma ba ya nan. Injin yana nan a zaurenmu na ƙauye, ya yi tsatsa. A hutun da ya wuce na kai 'ya'yana suka gan shi, na nuna musu wurin da kakansu yake bubbugawa domin garin kowace mace ya koma kwanonta. Ƙaramar ta tambaye ni sunan kakan nata. Na gaya mata na yanka, sa'an nan na ce, "Amma duk ƙasar nan Mai Inji suka san shi."